Jami'an Jin Daɗin Jama'a da Aikin Kare Yara daga Cin Zarafi

A watan Satumba na shekarar 2019, 'yan sanda sun kuɓutar da mutane kimanin 300, cikinsu har da ƙananan yara, daga wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, wasunsu ɗaure da mari a ƙafa. Bayan an kama waɗanda ake zargi, sai wata tambaya ta taso: wa zai kula da yaran, ya nemo iyayensu, ya kuma tabbatar ba su sake faɗawa cikin irin wannan hali ba? Wannan aiki na jami'an jin daɗin jama'a ne, waɗanda da yawa daga cikin mazauna karkara ba su san amfanin ofishinsu ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2014 da tallafin UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne suka samu taimako.

Doka kam akwai ta. Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara a 2003, kuma jihohi sun yi nasu dokokin bisa la'akari da addini da al'adun jama'arsu, kamar Kaduna a 2018, Jigawa a 2021 da Kano a 2023. Sai dai doka ba ta da ƙafar da za ta shiga ƙauye. Jami'in jin daɗin jama'a da ke sakatariyar ƙaramar hukuma shi ne ke kai ta can.

Idan aka kai masa rahoton dukan da ya wuce kima, ko fyaɗe, ko wahalar da yarinya a wajen talla ko aikatau, jami'in zai ziyarci gidan, ya saurari yaron cikin sirri, ya kai shi asibiti, sannan ya sanar da 'yan sanda idan laifi ne. Idan zaman gidan yana da haɗari, zai nema wa yaron mafaka wajen dangi amintattu ko gidan kula da yara na gwamnati. Haka zalika, rahotonsa na taimaka wa alƙali wajen yanke hukunci.

Babban cikas shi ne abin da ake kira rufin asiri. Sau da yawa mai laifin ɗan uwa ne ko maƙwabci, sai a taru a zauren mai unguwa a yi sulhu, a bar yaron da ciwonsa, mai laifin kuma ya nemi wani. Sulhu alheri ne a rikicin gona ko na aure, amma ba a sulhunta fyaɗe. Bugu da ƙari, jinkiri na da illa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72.

Don haka ya wajaba masu unguwanni, dagatai, limamai da malaman makaranta su san jami'in yankinsu, su riƙa sanar da shi da wuri. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomi su samar wa waɗannan jami'ai abin hawa, da kuɗin mai, da ɗakin ganawa da yara cikin sirri, domin jami'in da ba shi da ko babur ba zai isa ƙauye a kan lokaci ba.

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Duk wanda ya ga ana zaluntar yaro ya yi shiru, to ya ci amanar da Allah ya ɗora masa.