Begen daren 31 ga Disamba da kuɗin tiyar hatsi

A daren 31 ga Disamba, bayan kasuwa ta watse, majami'un Maraɗi da Damagaram da Yamai sukan cika har tsakar dare. Ana waƙa, ana godiya, ana roƙon shekara mai sauƙi. Masu ba'a sukan ce addu'a ba ta rage kuɗin tiyar hatsi. Ba ta ragewa kam. Amma wanda ya tsaya nan bai san tarihin mutanen ba.

Kiristocin Nijar ƴan tsiraru ne, kuma sabuwar shekara ta sha gwada su. A Janairun 1994, mako biyu bai cika ba da addu'ar, aka karya darajar sefa a Dakar: faran ɗaya na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin. Magani, shinkafa, kayan gyaran mota, duk abin da ke shigowa ta Kwatano ya hau. Ma'aikaci na bin gwamnati bashin albashi, mai kanti na bin ma'aikaci bashin sukari. A Janairun 2015, saboda zanen wata jaridar Faransa da ba su da hannu cikinsa, aka ƙone musu majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai. Shugabanninsu suka yi kiran yafiya. A Disambar 2023 kuwa an yi addu'ar cikin takunkumin CEDEAO, iyakoki a rufe, wutar Najeriya a yanke.

Abin da suke kira bege bai tsaya ga baki ba. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yawancin masu kwanciya cikinsa Musulmi ne. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗin a Maraɗi, Toni Rinodo, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, sai ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce a bar musu reshe ƙalilan, a gyara, a jira. An yi masa dariya. Yunwar 1984 ta sa wasu suka gwada, wasunsu ma don hatsin taimako kawai. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta eka ta zamani, wato hekta, kusan miliyan 5 da itatuwa suka dawo a kudancin ƙasar, kuma manoma ne suka yi aikin da hannunsu.

Akwai wani begen na jabu, kuma ba a ɓoye shi. Wasu masu wa'azi na alkawarin arziki cikin wata uku ga wanda ya zuba baiko mai tsoka. Talaka ya koma gida aljihu wayam, mai wa'azi ya sake mota. Irin wannan ba shi da bambanci da ɗan siyasa mai cewa a yi haƙuri alhali tukunyarsa ba ta taɓa sauka daga murhu ba.

Labarin Yusufu, wanda Kirista da Musulmi duk suka sani, labarin rumbu ne. Ya san yunwar shekara bakwai na tafe, sai ya tara hatsi tun ana ƙoshi. Littafin Farawa ya ambaci kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Nijar na da ma'aikatar da aka kafa don wannan aiki tun 1970, wato OPVN. Hatsi na da araha bayan kaka, yana tsada da bazara, kowane ɗan kasuwa ya san haka. Haƙƙin jama'a ne, masu zuwa majami'a da masu zuwa masallaci, a faɗa musu tun Janairu buhu nawa ke ajiye a Tawa, nawa a Maraɗi, nawa a Damagaram, da farashin da za a sayar musu idan rumbunan ƙauye suka ƙare.