Kulob ɗin unguwa ba ya rayuwa da tafi kaɗai

A birnin Yamai, duk fadar da matasa suka kewaye butar shayi da maraice, da wuya a tashi ba a taɓo zancen ƙwallon ƙafa ba. Mafi yawan hirar ta Turai ce. Amma akwai wasu mutane, tsofaffi da yara, waɗanda zuciyarsu ke tare da ƙananan ƙungiyoyin unguwa masu fafutuka a rukuni na biyu. Su ne ke tsayuwa cikin rana da ƙura a bakin filin da ba shi da inuwa, kuma kowace shekara maganarsu ɗaya ce: bana za a hau rukuni na farko. Wannan buri abin girmamawa ne. Sai dai ya kamata a tambaya ko ya isa ya riƙe kulob.

Tarihin ƙwallon Yamai daga unguwanni ya taso. Bayan samun mulkin kai, ƙungiyoyin birnin suna ɗauke da lambar yankin da suka fito. A shekara ta 1974 aka sake musu suna: Secteur 6 ta zama Olympic, Secteur 7 ta zama Sahel, kuma su biyun ne suka daɗe suna musayar kambin ƙasa. Zumunta ta shiga tsakaninsu, ta zama zakara a 1985 da 1988 da 1993. Jangorzo ta kai kambin Maraɗi a 1983, Espoir ta kai shi Damagaram a 1984. Daga baya JS Ténéré ta ɗauka sau biyu a jere, a 2000 da 2001. Duk da wannan tarihi, Zumunta ta taɓa shafe shekaru ba a ganin sunanta a jerin rukuni na farko, Ténéré kuwa yaran yau sai an ba su labarinta. Wanda ya ɗaga kofi sau uku ya iya faɗuwa, balle wanda bai taɓa hawa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayan nasarar Olympic ta 2012, daga 2013 zuwa 2024 duk kambin da aka bayar ya tafi ne ga ƙungiyar wata rundunar masu kaki ko ta wani kamfanin gwamnati: Duwan, Gardi Nasiyonal, sojoji, Jandarma, SONIDEP da NIGELEC. Ba laifi suka yi ba, kuma sun ɗaga sunan Nijar: AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin Confédération na Afirka a 2010, ƙungiyar Jandarma ta maimaita haka a kakar 2021 zuwa 2022. Abin da ya bambanta su da kulob ɗin unguwa shi ne suna da kasafin kuɗi, da mota, da filin horo, da likita, kuma ɗan wasa yana sa ran samun aikin da zai riƙe shi bayan ƙafa ta gaji. Uban da aka ce ya zaɓa wa ɗansa tsakanin albashi da tafin jama'a ba zai daɗe yana tunani ba.

To, a ce ƙaramar ƙungiya ta yi sa'a ta hau. Washegarin biki sai lissafi ya fara. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600, zuwa Damagaram kusan 900, zuwa Arlit ya haura 1.000. Kowace tafiya tana bukatar mota, da masauki, da abincin mutum fiye da ashirin. Ƙungiyar da a rukuni na biyu ake tara mata kuɗin ruwan sha a bakin fili ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi da kirari ba. Shi ya sa ake ganin kulob ya hau bana, ya sauko baɗi, manyan ƙungiyoyi sun kwashe yaransa uku ko huɗu mafi gwaninta, ya koma baya fiye da inda ya taso.

Maganin da magoya baya suka fi fata shi ne a samu wani attajiri ko babban ma'aikaci ya karɓi shugabanci. Ana samunsu, kuma wasu sun kashe dukiyarsu da zuciya ɗaya. Amma kulob ɗin da ya rataya a aljihun mutum guda, ranar da kasuwa ta juya wa mutumin baya, ko aka sauya masa wurin aiki, ranar ake nemo riguna a rasa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma jiran mai kuɗi ya hana unguwanni da yawa yin abin da ke hannunsu.

Abin da ke hannunsu kuwa ba ƙarami ba ne. Idan mutum 1.000 suka yanki katin zama ɗan ƙungiya, kowa yana biyan dala ɗari a wata, an tara jika 500 ke nan, wato miliyan 6 na sefa a shekara. Ba za ta sayi babban ɗan wasa ba, amma za ta biya mai horar da yara, da ƙwallaye, da magani, da wani ɓangare na tafiya. Dala ɗari ba ta kai abin da fada ɗaya ke kashewa a shayi da sukari cikin kwana kaɗan ba. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta. A samu littafin shiga da fita, da ma'aji wanda ba shi ne shugaba ba, da babban taro sau ɗaya a shekara inda za a karanta lissafi da Hausa da Zabarmanci kowa ya ji. A nan ne waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci ke da gurbi babba, domin wanda ya iya riƙe littafin ƙungiyar manoma zai iya riƙe na kulob. Mutane ba sa ƙin bayarwa. Abin da suke ƙi shi ne kuɗin da ba a san inda ya shiga ba.

Rubutu yana da wani amfani da shugabannin ƙananan ƙungiyoyi ke sakaci da shi. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma sai wanda ke da shaida. Yaron da ya yi shekara biyar yana wasa a unguwa ba tare da lasisi a hukumar FENIFOOT ba, a idon doka ba kowa ne ya rene shi ba. Moussa Maâzou ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga can zuwa CSKA ta birnin Mosko a 2009. Wannan ya nuna ƙafar ɗan Nijar tana da daraja a kasuwar duniya. Ƙungiyar da ba ta yi wa yaranta takardar haihuwa da lasisi ba, ta noma gona ne ta bar wa wani girbi.

A Senegal akwai misali. Génération Foot ta fara a 2000 a matsayin makarantar horar da yara, ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta fitar da Sadio Mané. Sai a 2016 ta hau rukuni na farko, a 2017 ta zama zakarar ƙasa. Shekara goma sha shida ta yi tana gina tushe kafin ta nemi rufi. A maƙwabta kuma, Kano Pillars mai kambi huɗu ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023; gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita, gaskiya ne, amma jama'arta ba su watse ba a shekarar da ta faɗi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin magoya baya, wanda ke wuyan hukumomi, shi ne fili. Filin wasa na Janar Seyni Kountché da aka buɗe a 1989 abin alfahari ne, amma ba a can yaro ɗan shekara 12 ke koyon tsayar da ƙwallo ba. Yana koyo ne a fegin da ke bayan lakwal ko gefen kasuwa, kuma yayin da birnin ke faɗaɗa, irin waɗannan wurare suna komawa shaguna da gidaje ɗaya bayan ɗaya. Idan ofishin magajin gari da Ma'aikatar Matasa da Wasanni suka ware wa kowace unguwa fili guda, da takarda mai hatimi da sunan ƙungiyar da za ta kula da shi, Bukoki da Talaje da Yantala da Gamkale za su san inda za su kafa raga, kuma kwamitin magoya baya zai san inda zai ajiye teburin yankan kati tun kafin a buɗe kaka mai zuwa.