Bashin gida da gubar dalma: Yadda talakan Amurka ke shiga tsaka mai wuya

A tsofaffin unguwannin birane irin su Baltimo da Ditiroyit, magidanci mai ƙaramin ƙarfi kan wayi gari da ɗawainiya biyu a kansa: biyan bashin gidan da ya saya, da kuma raba gidan da fenti mai gubar dalma. Gaba kura, baya sayaki. In ya tsallake biyan banki, gidan na iya suɓuce masa. In ya jinkirta gyara, lafiyar 'ya'yansa ce a kan siraɗi.

A 1978 Amurka ta haramta amfani da fenti mai dalma a gidajen zama, amma haramcin bai kankare wanda aka riga aka shafa ba. Ƙiyasin gwamnatin ƙasar ya nuna gidaje sama da miliyan 30 na ɗauke da shi har yanzu. Idan fentin ya tsufa yakan ɓarɓashe ya zama ƙura, musamman a tagogi da ƙofofi, yara su kwasa da hannu su kai baki. Dalma na dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma illar ba ta cika warkewa ba. Wannan guba ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake a can daga dutsen zinare ta fito.

Tallafi akwai shi, sai dai ƙofofinsa daban-daban ne. A 2021, sakamakon annobar korona, majalisar dokokin ƙasar ta ware kusan dala biliyan 10 domin masu gidajen da biyan bashi ya gagara, aka raba wa jihohi. Jihohi da dama sun riga sun rufe karɓar buƙatu saboda kasonsu ya ƙare. Kuɗin kawar da dalma kuwa ma'aikatar gidaje ta tarayya ce ke bai wa jihohi da birane, su kuma su fifita iyalai masu ƙaramin samu da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 6.

A nan gizo ke saƙar. Birane da yawa na gindaya sharaɗin cewa mai neman gyara kada ya kasance ana bin sa bashin wata-wata ko harajin gida, kuma inshorarsa ta kasance tana aiki. Hujjarsu ita ce kada a zuba dukiyar jama'a a gidan da banki zai ƙwace gobe. Hujjar tana da ƙarfi, amma sakamakonta shi ne wanda ya fi kowa buƙata shi ne sharaɗin ke fara korewa. Gyaran ma ba na kowa ba ne: tun 2010 doka ta wajabta wa ɗan kwangilar da zai taɓa irin wannan fenti ya mallaki shaidar horo, kankarewa da ka kuwa ƙara watsa ƙurar take yi.

Saboda haka mafita ga magidanci ita ce ya fara daidaitawa da banki a sake tsara masa biya, ya kai yaransa gwajin jini, sannan ya nemi kuɗin gyara. Ga hukumomi kuwa, muddin asusun ceto gida da na gyaransa ba sa tafiya tare, yaran da iyayensu suka fi talauci ne za su ci gaba da shaƙar ƙurar.