Majigi a dandalin wasa: a fara neman izinin masu fuska

Duk wanda ya yi wayo a Maradi zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, ya san darajar wasan kwaikwayo. Kowace unguwa da ƙungiyarta, ana gasa har matakin ƙasa. In Tele Sahel ta sa wasan Yazi Dogo da mutanensa na Damagaram kuwa, gidan mai tele cika yake har zaure. Daga baya kaset ɗin Kano ya riƙa shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999, dandali ya rasa ƴan kallo. Yau waya ta cinye har kaset ɗin.

Shi ya sa muke goyon bayan matasanmu masu son haɗa bidiyo da wasan dandali. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1920 wani Bajamushe, Erwin Piscator, yake haska fim a bayan ƴan wasansa. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a bayan dandali, a ajiye majigi ta bayansa don kada inuwar ɗan wasa ta rufe hoton. Maimakon a ce wa mai kallo ya ɗauka nan kasuwa ce, sai ya ga kasuwar da idonsa, ko garakan zogale na Jiratawa, ko ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri.

Aikin yana da wuyarsa. Ƴan wasanmu ba hadda suke yi ba, labari ake tsarawa, kowa ya sa bakinsa. In jama'a suka ji daɗin wata magana, ɗan wasa sai ya ja ta. Don haka yaron da ke zaune gaban kwamfuta dole ya halarci kowane gwaji, kunnensa na kan dandali, ya canza hoto lokacin da magana ta kai. Hoto ne zai bi ɗan wasa. Sai kuma kuran: ba mu manta da duhun da aka sha ba daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wuta, har zuwa Maris na 2024. Wanda bai tanadi injin wuta ba, ya shirya wasan da zai tsaya da ƙafarsa ko ƙyallen ya yi baƙi.

Amma abin da ya sa muka kawo maganar gabanku, iyayenmu mata da ƴan kasuwa, shi ne wannan: hoton da za a haska, naku ne. Yaro zai ratso Sabon Gari da waya, ya ɗauki mai ƙuli-ƙuli tana ƙirga kuɗi, ya ɗauki mai shago yana ciniki. Da dare a gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga fuskar nan ta fi ƙofar ɗaki girma, ɗan wasa kuma yana gabanta yana kwaikwayon mai algus ko mai tauye mudu. Wasa ne, haka ne. To, washegari wa zai bi rumfa-rumfa yana bayani? Ƴan kallo sun ɗauka da wayoyinsu, kafin azahar ya kai WhatsApp, ya kai wurin miji da surukai. Ɗan wasa ya zaɓi a yi masa dariya, ita kuwa neman abincin ƴaƴanta ta fito.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata su zauna da shugabannin ƴan wasa tun kafin a yi ɓatacciya. Mai son ɗaukar hoto ya fara sallama wurin shugaban layi, ya faɗi labarin wasan da inda hoton zai fito a cikinsa. Wadda ta ce a'a, an gama. Wadda ta yarda, a nuna mata abin da aka ɗauka, kuma in ana karɓar kuɗin shiga a ba ta nata hasafin, ko jika guda ce. Inda labarin na zamba ne, a sa ƴan wasa su zauna a rumfar a ɗauke su, ko a ɗauki buhuna da kwanduna ba fuska.

Ga alhazan da za a zo wurinsu neman gudummawar haya da man inji, ku bayar, amma ku sa wannan sharaɗin a gaba. Tallar shagonku kuma ta jira har a tashi daga wasan.