Tabar Kyuba da Kuɗin Wakilan Akwati

Ƴan uwa matasa, sabon yayin wasu manyanmu shi ne da sun sauka Dubai ko Landan sai su sayi tabar Kyuba, mai kaurin nan da ake naɗawa da hannu, su kunna, a ɗauke su hoto.

Ni ban musa ingancinta ba. Ganyen daga gonakin Pinar del Río yake, sai an shanya shi an adana shekaru kafin a naɗa. Amma fa kara ɗaya na Cohiba mai tsada ya fi albashin ma'aikacin da ke karɓar Naira 70,000 a wata. Cikin awa guda ya zama toka.

Wataƙila ba su sani ba, Fidel Castro da aka fara naɗa wa Cohiba a 1966, shi da kansa ya ajiye ta a 1985 don jama'arsa su yi koyi.

Ranka ya daɗe, kuɗinka ne, sha abinka. Amma don Allah kada ka dawo ka ce mana jam'iyya ba ta da kuɗin biyan wakilan akwati. Mu da muka kwana a rumfunan zaɓe muna ganin hotunan nan.