Filin Lafiya: A Gwada Kafin A Sha Kafso

A wannan wata zancenmu a kan kafso ne, musamman mai ja da rawayan nan, wanda daga Kotobabi zuwa Nima da Maamobi da wuya ka shiga gidan da ba a ajiye shi ba. Ciwon ciki, kafso. Mura, kafso. Wasu ma buɗe shi suke yi su barbaɗa a kan gyambo. Alhali mura bairos ke kawo ta, kuma kafso ba ya taɓa bairos.

To, ƙwayoyin cutar bakteriya suna sabawa da magani. Duk lokacin da aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, masu rauni sukan mutu, masu taurin kai su rage, su hayayyafa, sa'an nan su bi hannu da ruwa da bayan gida na haya su shiga jikin maƙwabci. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka rasu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Gwamnatin Gana ma ta ƙaddamar da manufa ta musamman a kan wannan matsala a 2018.

Ta yaya likita zai san maganin da zai yi wa cutarka? Akwai gwajin da ake kira kalca, wanda ake yi a manyan asibitoci kamar Korle Bu da asibitin soja na 37. Za a karɓi fitsari, ko jini, ko mugunya, a shafa a kan wani ɗan faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a sa shi cikin na'ura mai ɗumi irin na jikin mutum ya kwana. In ƙwayoyi sun tsiro, sai a gane irinsu, a shimfiɗa su a sabon faranti, a jera 'yan takardu zagayayyu a kai, kowace da maganin da aka jiƙa ta da shi. Washegari a duba. Inda magani ke aiki, za a ga fili fetal kewaye da takardar, a auna faɗinsa da milimita. Inda ƙwayoyin suka tsiro har gindin takarda kuwa, wannan magani ko kwali guda ka sha, kuɗinka ka zubar. A takardar sakamako, harafin S yana nufin cutar tana jin maganin, R kuma ta ƙi shi.

Aikin yakan ci kwana 2 zuwa 3, na jini har kwana 5, kuma a nan ne mutanenmu ke ƙosawa. Amma in ciwo ya tsananta likita ba ya jira. Yakan ɗebi abin gwaji, ya fara magani nan take, in sakamako ya fito ya sake shi idan da bukata.

Masu cewa "an gwada ni, taifot ne", galibi gwajin Widal aka yi musu. Shi kuwa yakan nuna alama ko da tsohuwar cuta ce da ta wuce, kuma ba ya faɗin maganin da zai yi aiki. Kalca ta jini ce ke iya wannan.

Shawarata, in ciwon fitsari ya dinga dawowa, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko zazzaɓi ya ƙi sauka bayan an tabbatar ba na sauro ba ne, ka roƙi likita ya rubuta maka kalca. Kada ka sha kafso kafin ka je, domin yakan hana ƙwayoyin tsirowa, a ce maka ba a ga kome ba. In ka riga ka sha, gaya wa likita sunansa da yawan kwanakin. Fitsari kuma a cikin kwalbar da ɗakin gwaji ya ba ka za ka zuba, ka bar na farko ya wuce ka tari na tsakiya, ka kai shi kafin awa 2.