Windows ɗin da na biya sau biyu, ashe tawa na cikin kwamfutar tun farko

Yau ba siyasa zan yi ba, maganar kwamfuta ce, amma ku yi haƙuri ku karanta, don na san da yawa daga cikinku wannan rubutun na "Activate Windows" yana nan maƙale a ƙasan allonku ta hannun dama, kun saba da shi kamar tabon goshi.

Bara na sayi laftof 'yar gwanjo a Ƙwanni. Mu nan Araba da Illela kowa ya san kayan tsallake sun fi sauƙi wani lokaci, sai dai su zo maka da Faransanci, madannan ma a birkice, inda ka saba ganin Q sai ka tarar da A. Na kai ta wurin wani mai gyara a Sakkwato na ce a mai da min ita Turanci. Ya ce, "Yallaɓai, sai dai a yi mata wanka gaba ɗaya, in sa maka Pro, ita ce ta manya." Na ji daɗin kalmar manya, na biya, na kamo hanyar gida.

Wata shida cif sai ta fara gargaɗi wai lasisina ya kusa ƙarewa. Lokacin kuwa ina tsakiyar haɗa rahoton ƙarshen wata, ga babban ɗana yana gwajin tambayoyin JAMB a kanta da dare. Na tsorata, na ɗauka takarduna za su tafi. Na sake shiga mota zuwa Sakkwato, kuɗin mota daban, kuɗin gyara daban. Minti biyar ya yi a kanta ya miƙo min. Bayan wata shida kuma ta dawo.

A karo na uku ne Allah ya kawo ɗan yayata hutu, yana karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ya buɗe baƙin allon nan na umarni ya rubuta slmgr /xpr, sai ga kwanan watan da lasisin zai mutu. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba lasisi aka sa maka ba, aro ne." Bayaninsa shi ne akwai tsarin da Microsoft ya yi wa manyan kamfanoni da ma'aikatu, ana ce masa KMS, wanda ke kunna Windows na kwana 180, sai kwamfutar ta sake gaisawa da uwar garken kamfanin kafin a sabunta mata. Masu gyara suna amfani da wata manhajar bogi da ke kwaikwayon wannan uwar garken. In ta daina aiki, kwana 180 na cika sai ka koma gidan jiya. Ga wata shidan nawa. Lambar kuskuren da nake ta gani, 0xC004F074, abin da take nufi ke nan: ta nemi uwar garken ba ta same ta ba.

Abin da ya fi ƙona min rai na gaba. Ya ce tun daga Windows 8, wato 2012, kamfanonin ƙera kwamfuta suka daina liƙa takardar mabuɗi a ƙarƙashin laftof, a cikin allon uwar na'urar suke dasa shi. Ya rubuta wani dogon umarni mai ƙarewa da OA3xOriginalProductKey, sai ga haruffa da lambobi 25 sun fito. Lasisina ne na halal, na Home, wanda mai kwamfutar na farko ya riga ya biya. Mabuɗin Home ba ya buɗe Pro, shi ya sa bai taɓa aiki ba tun da aka yi mata wankan. Faransancin ma, in ba irin bugun nan mai harshe ɗaya ba ne, a cikin Settings ake sauko da Turanci, ba sai an goge komai ba.

Muka kwashe takarduna a filash, ya sa Home, muka jona da intanet ɗin waya. Ta ƙi. Ashe agogon kwamfutar ne ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe lokaci ya mutu, kuma in kwanan wata bai yi daidai ba ba ta iya tantance kanta. Muka gyara agogo, muka sake gwadawa, ta kunnu. Yanzu umarnin nan na farko cewa yake an kunna ta dindindin.

To ga ra'ayina. Ban ce kowa ya je ya sayi sabon lasisi ba, na san halin da ake ciki. Windows 11 Home dala 139 ce, kusan naira dubu 200, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70. Wanda ya ce wa ƙaramin ma'aikaci ya biya wannan bai san Najeriya ba. Kuma ba duk masu gyara ne macuta ba, wasu haka suka koya wurin iyayen gidansu, ba su ma san akwai mabuɗi a ciki ba. Amma rashin sani ba ya mai da kuɗin da na kashe. Mai gyara ya fara duba ko na'ura na da lasisinta kafin ya goge. In kuma na bogi zai sa, ya faɗa wa mai ita gaskiya cewa na wata shida ne, ya bar shi ya zaɓa.

Rubutun da ke kan allon ma ba shi ne abin tsoro ba. Windows da ba a kunna ba ba ta cinye takardun kowa, iyaka ta hana ka sauya hoton bango da launi ta riƙa damunka da tuni. Abin tsoron shi ne kafin a sa manhajar bogin sai an kashe Defender, mai gadin kwamfutar. Ka kori mai gadi ka shigo da baƙon da ba ka san asalinsa ba, alhali a ciki akwai hoton NIN ɗinka, da BVN, da takardun aiki masu ɗauke da sunayen mutane da lambobin asusunsu. Mu ma'aikata nawa ne muke aikin ofis da kwamfutar aljihunmu saboda ta ofis ta mutu ko babu ita sam? Ya kamata ma'aikatu su ɗauki lasisi a matsayin kayan aiki kamar takarda da tawada, su sa shi cikin kasafi.

Sannan lokaci ya ƙure. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta yadda aka saba. An ba da ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista, amma sharaɗinsa sai Windows ɗinka kunnanniya ce. Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0, abin da tsofaffin 'yan gwanjo da yawa ba su da shi. Wanda tasa ba za ta hau ba, kuma buga takardu da shiga intanet ne kawai aikinsa, akwai Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne kuma halal, da LibreOffice a madadin Word da Excel. Yaron ya sa wa wani maƙwabcina, kwana biyu yana mita, yanzu ya yi shiru.

Yaron yana nan gida har ƙarshen hutu. Wanda ke kusa, in ya shigo cin kasuwar Illela ranar Lahadi, ya biyo da tasa a duba masa, ba ko sisi. Ku dai zo da caja, kuma ku kwashe takardunku a filash tun daga gida.